Kaza da 'Ya'yanta

Duk mai son kallon taurari a ƙasar Hausa, dole ya ƙulla abota da hunturu, ko da yake abokin nan ba shi da alƙawari. Daga Disamba zuwa Janairu babu hadari, babu gajimare, amma rana ɗaya sai hazo ya sauko kamar an watsa toka, a kwana bakwai ba a ga komai ba. Daren da ya yaye kuwa, nakan ɗauki madubin hangen nesa da bargo in nufi bayan gari.

Sai ido ya yi kamar minti 20 kafin ya saba da duhu. Da ido kawai, Kaza da 'Ya'yanta, wadda malamai ke kira Surayya, taurari shida ne ko bakwai. Amma da ka kafa madubi, sai ka ga ashe kazar nan tsakinta sun fi gaban ƙirge. Hasken da ke shiga idonka ya baro su fiye da shekara 400 da suka wuce. In an yi sa'a Mushtari na sama, ga watanninsa huɗu da Galileo ya hango a 1610, kullum suna sake wurin zama.

Abin da ke damuna shi ne, duhun kansa yana ƙarewa. A da, in aka ɗauke wuta a Kano, sai sama ta cika maƙil. Yanzu janareto da fitilun sola sun hana. Bara na ce wa ɗan ƙanena ya nuna mini Kaza, sai yaro ya nufi akurki.