Ɗan Fadama a Makarantar Ciniki ta Ingila

Mutanen Wurno da Rabah da Goronyo ba baƙin ciniki ba ne. Tun zamanin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna ribaɗi a Wurno, inda ya rasu a 1837, aka hori jama'ar wannan ƙasa su zauna gari, kowa ya riƙe sana'a. Har wa yau fadamar Gulbin Rima tana ba da shinkafa da albasa da tafarnuwa, ana loda su a manyan motoci zuwa Ikko da Anacha, waɗansu kuma a bi da su ta Illela zuwa ƙasar Nijar. Galibin masu wannan fatauci ba su taɓa zama a aji don koyon sa ba. Saboda haka in aka ce yaro zai haye teku don ya karanta ciniki, dole dattawa su yi mamaki.

Haka ta faru ga wani saurayi na ƙasar Wurno. Ya yi digirinsa na fari a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, ya yi bautar ƙasa, ya kama aiki a banki 'yan shekaru. Sa'an nan ya sa ransa ga babban digiri na ilmin tafiyar da ciniki, wanda Turawa ke taƙaita sunansa da haruffa uku, MBA. Jami'ar Harvard ta Amurka ce ta fara wannan karatu a 1908. A Amurka akan shekara biyu ana yin sa, a Ingila kuwa galibi shekara ɗaya, shi ya sa ya zaɓi Ingila. Sai da ya ci jarrabawar Turanci, ya kuma nuna shaidar banki cewa yana da abin biyan makaranta da na ci da kwana, kana aka ba shi izinin shiga ƙasar.

Da ya kai maganar gaban mahaifinsa, tsohon ya yi shiru, can ya ce, "Ɗana, tun ba a haife ka ba nake cinikin albasa, ba wanda ya ba ni takarda. Me Bature zai koya maka a kan albasa?"

Ya ce, "Baba, albasa kam kun fi shi saninta. Lissafinta nake so in koyo."

Tsohon bai gamsu ba, amma ya sa albarka. Aka sayar da shanu, aka haɗa da abin da yaron ya tara, aka ga zai isa.

To, ashe tafiyar ita kanta ciniki ce, kuma ita ce ta fara koya masa darasi. An yi lissafin nan a farkon 2023, sa'ad da dalar Amurka take wajen naira 460 a farashin gwamnati. A watan Yuni na shekarar gwamnati ta saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Kafin ƙarshen Fabrairu 2024 dala ta kai kusan naira 1,500, fam na Ingila ma ya bi sahu. Shi kuwa ya biya kashin fari kaɗai na kuɗin makaranta, sauran yana ajiye a naira. Abin da zai biya shekara sai ya koma bai isa rabinta ba. Ba shi kaɗai abin ya shafa ba, gama a 2024 an ji labarin ɗaliban Nijeriya da wata jami'a ta arewacin Ingila ta dakatar don sun kasa cika biya. Dokar ƙasar ta yarje wa ɗalibi aikin awa 20 kaɗai a mako lokacin karatu. Ya cika su sarai da ɗaukar kaya a wani babban sito, da dare, cikin hunturun da rana kan faɗi tun wajen ƙarfe huɗu. Wani kawunsa ya ranta masa ragowar.

Karatun kansa ya zo masa da baƙon hali. Malami ba ya tsayawa ya yi ta zuba ana rubutawa. Sai a raba wa ɗalibai labarin wani kamfani da ya shiga matsala, kowa ya karanta a gida, gobe a taru a yi gardama a kan abin da ya kamata shugaban kamfanin ya yi. Ga ɗan Indiya, ga ɗan Sin, ga Balarabe, kowa na ɗaga murya, har a musa wa malami a gaban idonsa. Yaron da aka rena a kan ya sunkuyar da kai gaban na gaba da shi, lalle wannan ya yi masa nauyi. Ya yi makonni bakinsa a rufe, alhali kuwa a can mai shiru akan ɗauke shi bai yi karatu ba. Ran da ya fara magana, a kan albasa ya yi ta, aji kuwa ya kasa kunne, domin ba wanda ya san abin sai shi.

Ga irin lissafin da ya kawo musu. Lokacin da aka cire albasar rani kasuwa takan cika, farashi ya faɗi warwas. Mai haƙuri sai ya zuba tasa a rudu, ya jira watanni har ta yi wuya, ya sayar da tsada. Kowa a fadama ya san wannan. Amma a ce mutum ya zuba buhu 100. Nawa za su ruɓe? Nawa za su tsiro? Wadda ta tsira ma ta sha iska ta rage nauyi. Ga ladan mai juya ta yana tsince ruɓaɓɓu, ga na mai gadi, ga na dillali da na mota. Akwai kuma hasarar da ido ba ya gani, watau kuɗin da suka kwanta cikin rudu wata shida, waɗanda da an juya su a shinkafa da sun haifi wani abu. Sai an fid da waɗannan duka kana a san ko jiran ya biya. Mutum na iya sayarwa ninki biyu yana murna, alhali uwar kuɗinsa ya ci.

Gaskiya ita ce tsohon ya san yawancin wannan, a ka yake yin sa, kuma da wuya ya kuskure. Illar lissafin ka guda biyu ce. Banki ba ya ba da rance a kan abin da ke cikin kan mutum, sai abin da ke rubuce. Kuma ran da mai shi ya kwanta dama, da shi ake binne lissafin. Sau nawa aka ga babban attajiri ya rasu, aka raba gado, motoci suka watse, masu bashi suka yi shiru, kafin shekara uku ba sauran cinikin sai suna? Kuɗin cefane da na biki da na ciniki duk aljihu ɗaya suke shiga, ba mai iya rabe su. Abin da makarantar ta fi nacewa a kai shi ne ciniki ya zama abu mai zaman kansa, da littafinsa da asusunsa dabam da na maigida, yadda zai rayu bayan wanda ya kafa shi.

Amma littattafan nasu ba su san fadama ba. An rubuta su don ƙasar da wutar lantarki ba ta yankewa, hanya lafiya lau, in kaya sun salwanta kamfanin inshora ya biya. Ba babin da ya faɗi abin da manomi zai yi in ruwa ya ci gonaki da garuruwa kamar yadda ya yi a ƙasar Goronyo da Wurno a Satumba 2010, ko in aka tsai da kai abinci Kudu kamar a farkon 2021, kaya suka taru farashi ya karye, ko in 'yan bindiga suka faɗa wa kasuwa kamar yadda suka yi a Goronyo a Oktoba 2021. Ba su san bashin da ake bayarwa da baki a kan amana ba. Yawancin lissafinsu kuma a kan kuɗin ruwa aka gina shi, abin da tsohon ba zai taɓa ba, ko da yake tun 2012 da aka buɗe bankin Jaiz an sami wata ƙofa.

Mai niyyar irin wannan tafiya ya kamata ya auna ta da kyau. Ana yin wannan digiri a Zariya da Kano da Sakkwato, da kuɗin da bai kama ƙafar na Ingila ba. Abin da waje ta fi gida shi ne cuɗanya da mutanen ƙasashe da ganin yadda suke tsara aiki, wannan kuwa bai kai a sayar da gonar gado dominsa ba. In an sami mai ɗaukar nauyi, to, madalla. Sardauna Ahmadu Bello, haifaffen Rabah, da taimako ya tafi Ingila a 1948 ya koyi sha'anin mulkin ƙananan hukumomi, ya komo ya yi aiki da shi. Gwamnatin Ingila tana da tallafin karatu mai suna Chevening tun 1983, sharaɗinsa kuwa ɗalibi ya koma ƙasarsa ya zauna aƙalla shekara biyu.

Shi saurayin ba sharaɗin da ya ɗaure shi. Tun 2021 Ingila ta buɗe wa wanda ya gama karatu hanyar ya tsaya ya yi aiki na ɗan lokaci, da yawa cikin abokansa kuwa sun tsaya. Shi ma ya tsaya, har ya biya kawunsa, kana ya komo. Tsohon bai bar lissafin ka ba, kuma bai yarda a buɗe wa cinikin asusu dabam ba tukuna. Abin da ya yarda da shi ɗaya ne, a ƙirga buhunan da aka zuba a kowane rudu, a auna nauyinsu, a sake aunawa ran da aka kwashe. Yaron ya sayi babban littafi ya ja masa layuka, yana rubuta shi da Hausa don ƙannensa su iya riƙe shi in ya tafi aiki Sakkwato.