Kodak Ya Hango Hadari, Amma Ruwa Ya Doke Shi



Duk lokacin da wani babban kamfani ya durƙushe, abin da aka fi saurin faɗi shi ne shugabanninsa barci suka yi, zamani ya zo ya wuce ba su sani ba. Maganar tana da daɗin ji, domin tana sa kowannenmu ya ɗauka shi idonsa biyu. To amma labarin Kodak bai goyi bayanta ba.

Mu da muka taso kafin zuwan wayar hannu mun san Kodak ko da ba mu riƙe sunan ba. Ranar Sallah za mu ci ado mu nufi shagon mai hoto, a tsayar da mu gaban labule mai furanni, sannan a ce mu dawo bayan kwana uku, sai fim ya cika an kai wanki. Ɗan kwalin nan mai ruwan ɗorawa da ake zaro fim daga cikinsa shi ne arzikin kamfanin da George Eastman ya kafa a garin Rochester na Amurka. Dabararsa mai sauƙi ce: a sayar da kyamara da araha, a ci riba a fim da takardar hoto da sinadaran wanki. A 1976, kashi 90 cikin 100 na fim ɗin da ake saya a Amurka nasa ne, kuma a 1988 ma'aikatansa sun haura 145,000.

Ga inda maganar barci ta rushe. A 1975 wani matashin injiniyan Kodak mai suna Steven Sasson ya haɗa kyamarar dijital ta farko, mai nauyin kilo uku da rabi, wadda take ɗaukar daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto ɗaya a kaset. A 1981, bayan Sony ya nuna kyamararsa Mavica, sashen nazarin kasuwa na Kodak ƙarƙashin Vince Barabba ya bincika lamarin, ya gaya wa shugabanni abu biyu: dijital zai iya maye gurbin fim, kuma akwai kimanin shekara goma na shiri. Bincike ya yi daidai, rahoto ya isa teburin masu yanke hukunci. Duk da haka, ranar 19 ga Janairun 2012 kamfanin ya je kotu neman kariya daga masu binsa bashi.

To me ya faru a tsakani? Hausawa suka ce sabo turken wawa, amma a nan turken riba ne. Ribar fim tana da kauri sosai, ta kyamarar dijital kuwa 'yar siririya ce, kuma duk kyamarar da aka sayar ta kashe cinikin fim na shekaru. Manajojin da za su yanke shawara a sashen fim suka girma, da ribar fim ake auna ƙwazonsu, ita kuma masu hannun jari suke jira kowane wata uku. Saboda haka duk sabon abin da ya shigo sai a tambaye shi: ta yaya za ka taimaki fim? A 2001 Kodak ya sayi Ofoto, wani shafin intanet na ajiye hotuna da aika wa 'yan uwa, tun kafin a san Facebook. Maimakon ya gina shi a matsayin dandalin zumunta, sai ya mayar da shi hanyar jawo mutane su buga hoto a takarda. A 2012 aka sayar da shafin ƙasa da dala miliyan 25. A shekarar ce kuma Facebook ya sayi Instagram, mai ma'aikata 13, a kan dala biliyan ɗaya.

Kada mu ce da ya rungumi dijital da ya tsira, domin ya runguma. A 2005 shi ne kan gaba wajen sayar da kyamarar dijital a Amurka, amma cinikin ba ya ciyar da gida, kuma ba a jima ba wayar hannu ta haɗiye kasuwar.

Amsar tana wurin abokin hamayyarsa na Japan, wato Fujifilm, wanda guguwa ɗaya ta same su. Shigetaka Komori ya zama shugabansa a 2000, daidai lokacin da cinikin fim ya kai ƙololuwa ya fara gangarowa. Tambayar da ya ɗora wa injiniyoyinsa daban ce: idan aka ajiye fim gefe, me muka iya wanda wani zai biya kuɗi a kansa? Aka zauna aka lissafa. Wanda ya iya shimfiɗa sinadari siriri a kan leda zai iya yin ledar da ake sawa a gilashin talabijin da kwamfuta. Wanda ya san yadda ake hana hoto koɗewa, ya kuma san kolajin da ake yin fim da shi, yana da ilimin gyaran fata, shi ya sa a 2007 suka fito da man shafawa na Astalift. A 2008 suka sayi kamfanin magunguna na Toyama Chemical. Abin bai zo a ɓagas ba, domin sai da aka sallami ma'aikata kusan 5,000 aka rufe masana'antu. Kodak kuwa tun 1994 ya raba gari da sashensa na sinadarai, Eastman Chemical, a 2007 kuma ya sayar da sashen hoton asibiti. Rassan da ɗayan ya kama ya tsira, su ne ɗayan ya sare.

Abin da muka ɗauka a nan shi ne, nazarin dabarun kasuwanci ba ya ƙarewa a rahoto. Makarantun kasuwanci suna koyar da zana gida huɗu, a rubuta ƙarfi da rauni da dama da barazana, kuma Kodak ya iya wannan fiye da kowa. Aikin gaske yana farawa ne ranar da za a cire kuɗi da ƙwararrun ma'aikata daga sashen da ke ciyar da kowa yau, a kai su inda ba a fara ganin riba ba. Idan kana son sanin dabarar kamfani, duba inda kuɗinsa yake tafiya da irin mutanen da yake ƙara wa girma.

Mu ma lamarin bai bar mu ba. A gabanmu kasuwar bugaggun littattafan Hausa ta ja baya, masu karatu suka koma WhatsApp da Wattpad da sauraron labari a YouTube. Marubucin da ya ɗauka takarda yake sayarwa zai zauna jiran kasuwa ta dawo. Wanda ya gane cewa iya riƙe hankalin mutum da labari shi ne jarinsa, zai tambayi kansa wa kuma ke buƙatar wannan, ko masu fim, ko gidan rediyo, ko masu talla. Tambayar ta fi amfani tun ana ciniki, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya ba mu basirar hangowa da ƙarfin zuciyar aikatawa. Sai mako mai zuwa, idan mai duka ya kai mu.