Neman Ɗakin Haya a Landan

Duk wanda ya ji zan zauna a Landan sai ya ja min kunne a kan tsada, saboda haka na sauka da shirina. Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta Birtaniya sun nuna cewa a 2024 matsakaicin kuɗin hayar gida a birnin ya haura fam 2,000 a wata. Ɗaki ɗaya tak kuwa, a gidan da za ka yi tarayyar kicin da banɗaki da mutanen da ba ka taɓa gani ba, a lokacin yana dosar fam 1,000. Wannan duk na ji shi tun a gida. Abin da ba wanda ya faɗa min shi ne, ko da kuɗinka a hannu, ba lalle a ba ka makulli ba.

A Kano, in kana neman gida, dillali za ka samu a bakin masallaci ko a rumfar mai shayi, ya goya ka a babur ku zaga unguwa. A nan dillalin yana cikin waya. Ana duba Rightmove ko Zoopla, mai neman ɗaki ɗaya kuma ya leƙa SpareRoom. Gidan da aka tallata da safe, kafin la'asar an cika jerin masu zuwa gani. Ana ba ka lokaci ƙayyadadde, 'yan mintuna, ka iske wasu a tsaye a ƙofa suna jiran ka fito, kowa ya sunkuyar da kai kan wayarsa, ba mai yi wa wani sallama domin kowa abokin takarar kowa ne.

Wani ɗaki da na gani a gabashin birnin ya tsaya min a rai. Gidan irin tsofaffin gidajen jan bulo ne da ke manne da juna a jere, waɗanda aka gina wa iyali ɗaya, yanzu an yanka shi gida-gida, har falon ya koma ɗakin kwana. Gado ya ci kusan rabin ɗakin, ƙofar ba ta buɗuwa duka sai ta daki katifa. Bangon yana warin sabon fenti, amma da na ɗan ja akwatin tufafi gefe sai ga baƙar fumfuna ta yi dabbare-dabbare daga ƙasa har gwiwa, hannuna kuma ya ji laima. Matar da ta nuna min ɗakin ta ce a riƙa buɗe taga. A watan Nuwamba ne, numfashin mutum yana fita kamar hayaƙi. Daga baya na gano cewa doka ta yanka mafi ƙarancin faɗin ɗakin kwanan babba guda a gidajen tarayya masu lasisi, murabba'in mita 6.51. Birnin da sai da hukuma ta sa awo kafin a daina kwantar da mutane a ma'ajiyar kaya, lalle matsin da ke cikinsa ya kai.

Sai batun takardu, wanda shi ne ainihin ƙofar. Tun 2016 doka ta wajabta wa mai gida a Ingila ya duba ko kana da izinin zama a ƙasar kafin ya ba ka haya. Bayan wannan a miƙa ka ga kamfanin bincike: takardun albashi, bayanan asusun banki, tarihin biyan bashinka, da wasiƙa daga mai gidan da ka baro. Yawancin dillalai suna so albashinka na shekara ya kai ninki 30 na hayar wata. In bai kai ba, ka kawo wanda zai tsaya maka, mazaunin Birtaniya, wanda zai sa hannu cewa in ka gaza shi zai biya. Sabon zuwa ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Banki na neman adireshi kafin ya buɗe maka asusu, mai gida na neman bayanan banki kafin ya ba ka adireshi.

Na kai kukana ga wani dattijo ɗan Zariya da ya daɗe a birnin, bayan sallar Juma'a a babban masallacin Whitechapel. Na ce, "Baba, a gida ai kalmar mutum irinka ta isa." Ya ce, "Ɗana, a nan ba wanda ya san ni sai kwamfuta, ita kuma albashi take tambaya, ni kuwa na yi ritaya." Ya faɗe shi ne da damuwa, domin ya ce yara da yawa sun zo masa da wannan buƙata ya kasa yi musu komai.

Na daɗe ina ganin namu tsarin ya fi tausayi, kuma ta wata fuskar haka ne. Mai unguwa ko liman ko abokin kasuwanci ya ce ya san ka, shi ke nan. Amma da na zauna na auna, sai na tuna abin da muke ɗora wa ɗan haya: kuɗin shekara guda cur a dunƙule, wani wurin ma shekara biyu, ga la'adar dillali a kai, alhali albashi wata-wata yake shigowa. Na tuna gwauro da bazawara da ake juya wa baya ba don ba su da kuɗi ba, da baƙon da ba shi da kowa a gari. A Landan galibi wata-wata ake biya. Wata doka ta 2019 ta hana dillali karɓar la'ada daga ɗan haya, ta taƙaita kafin alƙalami ga hayar mako ɗaya, kuɗin ajiya kuma ga hayar mako biyar a yawancin gidaje. Kuɗin ajiyar nan ba a barin sa ga ganin damar mai gida. Tun 2007 dole ne a yi masa rajista a wani tsari da gwamnati ta amince da shi, in rigima ta taso ranar tashi akwai mai raba gardama. Ranar shiga ana rubuta komai, har tabon da ke jikin kafet, a ɗauki hoto. Wannan kam na yi sha'awarsa ƙwarai, kuma ban ga abin da zai hana mu yin irinsa ba.

Hayar kuma ba ita ce ƙarshen lissafi ba. Akwai harajin ƙaramar hukuma da mazaunin gida ke biya, wanda har yau ake ƙiyastawa bisa darajar gidaje ta 1991, ga wuta da gas da ruwa. In ka gudu bayan gari neman sauƙi, kuɗin jirgin ƙasa ya bi ka, domin an kasa birnin shiyya-shiyya, kuma iya nisanka da tsakiya iya abin da za ka biya kullum.

Lokacin da na yi nawa neman, masu nema suna ƙara kuɗi a kan farashin da aka tallata don su kayar da juna, baƙi kuma suna biyan wata shida gaba a madadin mai tsaya musu. Dokar da aka sa wa hannu a watan Oktoba na 2025 ta haramta wannan gwanjo, ta soke korar ɗan haya ba tare da dalili ba, ta kuma hana neman fiye da hayar wata guda a gaba. Gyara ne na gaske. Sai dai ina tunanin ɗalibin da zai sauka daga Kano ko Maraɗi ba shi da albashi, ba shi da mai tsaya masa, ga hanyar biya gaba an toshe. Abin da ya rage masa shi ne ya biya kamfanin da ke tsaya wa mutane don kuɗi, ko ya karɓi ɗaki a hannun wani ɗan haya, ba yarjejeniya, ba rasit, inda kariyar da na lissafa a sama ba ta kai gare shi.