Shekarar da Ahmed Musa ya bar Pillars

A shekarun da Kano Pillars ke tashe, samarin Tamawa da yawa 'yan "Sai Masu Gida" ne, ko da yake mu Katsinawa ne. Ranar wasa akan kewaye rediyo a teburin mai shayi, wani ya riƙe eriya sama don kada murya ta ɗauke. Masu kuɗin mai kuwa su hau babur zuwa gidan kallo a Kurfi ko Dutsin-Ma.

A 2010 Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a gasar ƙasa, sannan ya koma VVV-Venlo ta Holan. Aka yi ta cewa Pillars ta sayar da ƙafarta ta dama. Sai ga ƙungiyar ta ɗauki kofi sau uku a jere, 2012, 2013 da 2014, domin su Gambo Muhammad da Rabi'u Ali, wanda ake kira Pele, sun riga sun nuna, an kuma ba su fili.

Daga baya gardamar ta juya kan Pele, da ya haura shekara 40 yana sanye da kambun kyaftin. Da Pillars ta faɗa ƙaramin rukuni a 2022, tare da Katsina United, wasu suka ce tsofaffi ne suka ja ta ƙasa. Ban yarda ba. A kakar nan an ƙwace mata maki saboda rikici a filin wasa, shi kuwa Pele da ƙwallayensa yake sayen rigarsa. Abin da ya fi damuna shi ne, muddin 'yan kallo na tafa wa gwaninsu, shugabanni sukan manta da renon wanda zai gaje shi.

Mun ga irinsa a filinmu na ƙauye. Kyaftin shi ya sayi ƙwallo, shi ya ɗinko riguna, wa zai ce masa ya fito ya huta? Gwiwa ta gaji, amma duk bugun tazara nasa ne. Yaro ɗan shekara 16 da ya fi kowa gudu yana bakin layi, aikinsa shiga gonar dawa ɗauko ƙwallo. Damina biyu ko uku a haka sai ya haƙura, ya tafi cirani Kano ko Abuja, ya bar wa ƙanensa takalman.