Tafkunan Kuza Na Jos: Ruwan Da Ba A San Ƙarƙashinsa Ba

Duk wanda ya taso daga tsakiyar garin Jos ya nufi Bukuru, ko kuwa ya zarce zuwa Barikin Ladi, ba zai yi nisa ba sai ya fara hango waɗansu tafkuna jefi-jefi a gefen hanya, kowanne da tulin jar ƙasa a bakinsa kamar suri. Wani ruwansa kore shar, wani shuɗi, wani kuma ja-ja saboda laka. Baƙo yakan zaci haka Allah ya halicce su tun fil'azal. Amma ɗan gari ya san ramukan kuza ne, hannun mutum da injuna suka haƙa su, sa'an nan ruwan sama da na ƙarƙashin ƙasa suka cika su bayan mahaƙan sun tattara nasu ya nasu sun tafi.

Tun kafin zuwan Turawa maƙeran Ririwai sun san kuza, suna narka ta su mai da ita siraran sanduna kamar tsinken tsintsiya, fatake na kai ta kasuwanni. Waɗannan sanduna su ne suka jawo hankalin Kamfanin Neja, har ya aiko da mutanensa suka biyo sawu zuwa kogin Dilimi a farkon shekarun 1900. Kafin a ce haka, ƙasar Birom ta cika da kamfanoni da leburori daga Kano da Katsina da Barno da sauran wurare. A shekarar 1914 ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso wannan yanki, a 1927 kuma babban layin da ya taso daga Fatakwal ya iso Jos. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, tsakanin 1942 da 1944, an yi ta ɗebo mutane aikin tilas don a ƙara yawan kuzar da Ingila ke bukata, kuma da yawa daga cikinsu sanyin Filato da cuta suka hallaka su. Daga baya harkar ta yi ta ja da baya, har farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya cikin watan Oktoba na 1985. Abin da aka bar wa ƙasa gado shi ne ɗaruruwan ramuka cike da ruwa.

Mafi shahara a cikinsu shi ne tafkin Rayfield da ke kudancin gari, wanda aka mai da shi wurin shaƙatawa. Ranakun hutu da lokutan bukukuwa za ka ga iyalai sun yi cincirindo a bakinsa, ana shiga kwalekwale, ana ɗaukar hoto, iskar tsauni tana kaɗawa. Sauran tafkunan kuwa manoman rani ne suka fi cin moriyarsu. Da ruwansu ake ban-ruwan dankalin Turawa da kabeji da karas da tumatir da ake lodawa zuwa kudu da arewa. Nan ne kuma ake shayar da shanu, a yi wanki, a wanke motoci.

To, akwai wata ƙasa mai nisa da tarihinta ya yi kama da na Jos. Indonesiya ƙasa ce ta tsibirai sama da 17,000, kuma tana cikin wuraren da masu sha'awar nutso a teku suka fi zuwa a duniya, musamman Raja Ampat da Bunaken da Komodo. A cikin tsibiranta akwai wani mai suna Belitung, wanda Turawan Holan suka kafa wa kamfanin haƙar kuza a 1860. Shi ma cike yake da tsofaffin ramuka, kuma bakin tekunsa na da manyan duwatsu masu sulɓi irin waɗanda ke kewaye da Jos, domin ita kuza a jikin irin wannan dutse take samuwa. Da kasuwar kuza ta yi sanyi, sai mutanen tsibirin suka juya ga baƙi. Masunta na ɗaukar masu yawon buɗe ido a jiragen ruwansu zuwa ƙaramin tsibirin Lengkuas, inda ake leƙa murjani da kifaye masu launi iri-iri. A 2021 hukumar UNESCO ta sa Belitung cikin jerin wuraren da duniya ke adanawa saboda duwatsunsu.

Shi wannan nutso iri biyu ne. Na farko, mutum zai kwanta rub da ciki a saman ruwa, da tabarau mai rufe ido da hanci, da ɗan bututu a baki wanda kansa ke waje yana shaƙar iska. Na biyu kuwa, mutum zai goya tukunyar iska a baya ya nutse can ƙasa. Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Emile Gagnan, su suka ƙera na'urar da ta sauƙaƙa wannan a 1943. Duk zurfin mita 10 da mutum ya ƙara, nauyin da ke danne jikinsa na ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu a doron ƙasa. Don haka wanda ya daɗe a ƙasa ba ya tasowa da gaggawa, in ba haka ba iskar da ta narke a jininsa sai ta yi kumfa, ta jawo ciwon gaɓoɓi ko shanyewar jiki.

Sai dai kowa ya ce tafkin Jos ɗaya ne da tekun Indonesiya, bai faɗi gaskiya ba. Ruwan can da ɗumi yake, ga shi garau. Na Jos kuwa, garin yana bisa tudu mai tsawon kimanin mita 1,200, kuma ko da saman tafki ya ɗumama da rana, ƙasansa sanyi ƙalau yake, irin sanyin da ke ɗaure wa mai iyo jijiya nan take. Bugu da ƙari, ramin kuza ba shi da gangare a hankali kamar rafi. Taku biyu ko uku daga baki, ƙasa ta ƙare, sai zurfi. Gefensa yakan zabtare, gindinsa kuma laka ce mai riƙe ƙafa, wadda in aka taɓa ta sai ruwan ya dagule, mutum bai ko ganin tafin hannunsa. Hatta lissafin tasowa daga zurfi dabam yake a kan tudu, saboda iskar sama ba ta kai ta bakin teku nauyi ba.

Wannan ne ya sa tafkunan suka zama abin fargaba ga iyaye. Sau da yawa akan ji labarin yaro ɗan makaranta, ko ɗalibi baƙo, ko makiyayi, ya shiga wanka bai fito ba. In haka ta faru, galibi samarin unguwa da suka iya ruwa ne ke shiga lalube da numfashinsu kawai, ba tukunya, ba fitila, suna sai da ransu don a sami gawar da za a yi wa sutura.

Amma ramin da aka haƙa ba dole ne ya zama kabari ba. A Ingila akwai wani tsohon ramin fasa dutse mai suna Stoney Cove, wanda ruwa ya cika, zurfinsa ya haura mita 30, kuma ya zama ɗaya daga cikin manyan wuraren koyon nutso a ƙasar. Ba murjani a cikinsa, ba ɗumi, sai dai an auna shi, an san kowane lungu, an sa masu ceto. A Malesiya ma, kusa da Kuala Lumpur, a kan tsohon ramin kuza aka gina wurin wasan ruwa na Sunway. Mu kuma ba baƙin ruwa ba ne. Wanda ya taɓa zuwa bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934, ya ga yadda Kabawa ke nutso su daɗe a ƙarƙashin ruwa, a ƙarƙashin kulawar Sarkin Ruwa.

Saboda haka aikin da ke gaban hukumomin Jihar Filato a fili yake. A auna zurfin tafkunan, a gwada ruwansu, domin tarkacen haƙar kuza kan ƙunshi ma'adinai masu lahani ga lafiya. Waɗanda ke kusa da gidaje da makarantu a killace su, a kafa allunan gargaɗi da Hausa da Birom da Turanci. A zaɓi ɗaya ko biyu masu tsabta a mai da su wurin koyar da iyo da nutso, a fara da 'yan kwana-kwana da waɗannan samari da tuni suke aikin ceto kyauta. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Kafin a kai ga haka, shawara ga duk baƙon da ya zo Jos ita ce ya sha iska, ya more wa idonsa, ya shiga kwalekwale da rigar kariya in akwai, amma kada kyan ruwa ya ruɗe shi ya tuɓe riga a inda bai san gindinsa ba.