Hanyar Gashaka Da Mambila: Abin Da Ya Kamata Matafiyi Ya Sani Kafin Ya Ɗaura Niyya

Mutumin da ya tashi a Kano ko Katsina ko Sakkwato, inda ido kan yi tafiya mai nisa ba abin da ya tare shi sai kuka da rimi, da wuya ya yarda cewa a cikin Nijeriyar nan akwai ƙasar da mota kan kutsa cikin gajimare har direba ya kunna fitila da rana tsaka, kuma a kwana da bargo biyu alhali kuwa a Yola ana fama da zufa. To, akwai ta. Tana kudu maso gabashin Jihar Taraba, daura da iyakar Kamaru, inda gandun dajin Gashaka-Gumti ya jingina da tsaunin Mambila. Duk wanda ke da mota mai lafiya da hutun mako guda zai iya zuwa ya gane wa idonsa, amma fa hanyar ba ta yafe wa wanda ya fito ba shiri.

Gashaka-Gumti shi ne mafi girma a cikin gandayen dajin Gwamnatin Tarayya, domin faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya kuma ratsa jihohi biyu. Sashen arewa, watau Gumti, yana wajen Toungo cikin Jihar Adamawa, kuma yawancinsa fili ne mai ciyawa da itatuwa jefi-jefi. Sashen kudu, watau Gashaka, shi ne na duwatsu da kwazazzabai da kurmi mai duhu. Gwamnatin tsohuwar Jihar Arewa Maso Gabas ce ta fara keɓe wuraren cikin shekarar 1972, sa'an nan cikin 1991 Gwamnatin Tarayya ta haɗe su wuri guda ta karɓi riƙonsu. A nan ne Chappal Waddi yake, wanda ake kuma kira Gangirwal, tsaunin da ya fi kowane tsawo a ƙasar nan: mita 2,419, watau kusan ƙafa 8,000.

LOKACIN TAFIYA

Abu na farko da mai niyya zai tsayar shi ne lokaci. Damina a wannan yanki doguwa ce, takan soma tun wajen watan Afrilu, ba ta ɗaukewa sai Oktoba ko Nuwamba. A cikinta ne ƙasar ta fi kyaun gani, tuddai sun yi kore shar kamar an shimfiɗa darduma, amma kuma a cikinta ne koguna kan cika su raba ƙauyuka da juna, ƙananan hanyoyi su zama taɓo, ƙasa ta zaftaro daga gefen dutse ta toshe titi. Saboda haka wanda ke son shiga cikin dajin sosai, gara ya sa tafiyarsa tsakanin Disamba da Maris. A lokacin ruwan koguna ya ja baya, ciyawa ta bushe, namun daji kuma sukan taru a mashaya inda za a iya ganinsu. Illa iyaka ƙurar hunturu kan rage wa ido nisa a wadansu ranaku. Wanda kuwa burinsa kan tsauni ne kawai, inda kwalta ta kai, ƙarshen Nuwamba ya fi masa, domin ruwa ya ɗauke amma korayen ba su gama bushewa ba.

ZANGO-ZANGO

Mai tasowa daga Kano zai bi ta Bauchi da Gombe, ya wuce duwatsun Tangale a wajen Kaltungo, ya haye kogin Binuwai a Numan, daga nan ya miƙa zuwa Jalingo. Idan yana da sararin kwana guda, ya iya ratsewa Yankari ya yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki, ko da yake tun shekarar 2006 wannan gandu ya koma hannun Gwamnatin Jihar Bauchi. Ko ta yaya dai, a kwana a Jalingo. Nan ne wurin cika tanki da jarkoki, da cirar kuɗi a banki, da kai mota wurin bakanike ya yi mata duba na ƙarshe.

Kashegari da asuba sai a kama hanyar Garba Chede zuwa Bali, inda ake haye kogin Taraba. Daga Bali ƙasa takan soma sauya kama. Duwatsun da ake hange can nesa kamar hayaƙi sai su yi ta matsowa, itatuwa su ƙara kauri, har a isa Serti, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Gashaka, mazaunin Lamdo Gashaka, kuma inda babban ofishin gandun dajin yake. A wannan ofishi ne baƙo zai rubuta sunansa, ya biya kuɗin shiga, a haɗa shi da ma'aikacin da zai yi masa jagora. Ba a shiga dajin nan ba jagora, kuma ba don ƙa'ida kawai ba: hanyoyin ƙafa suna da rassa da yawa, waya ba ta kamawa a galibin wurare, wanda ya ɓace kuwa ba mai jin kiransa.

Daga Serti akwai hanyar burji da ke kaiwa tsohon ƙauyen Gashaka, wadda sai mota mai tudu ke iya bi, kuma dole a ƙetare kogin Kam. A wannan kogi akwai gurbin da dorinai ke zama, akwai kuma giwan ruwa da tsage waɗanda masu fatsa ke zuwa nema da izinin hukuma. A kan tudun da ke kusa da ƙauyen har yanzu ana ganin kufan ginin sojan Jamus, shaidar cewa wannan ƙasa a dā cikin Kamarun Jamus take. Bayan Yaƙin Duniya na Farko ta koma riƙon Ingila, sa'an nan a ƙuri'ar raba gardama ta watan Fabrairu na 1961 mutanen Arewacin Kamaru suka zaɓi shiga Nijeriya, aka sa wa yankin suna Lardin Sardauna. Da ƙuri'ar nan ta faɗi wata fuska, da yau sai da fasfo za a je Gembu.

Kada baƙo ya sa ran ganin namun daji garke-garke daga cikin mota. Gashaka wurin tafiyar ƙasa ne, da haƙuri, da rage murya. Mai sa'a zai ga ɓauna, da mazo, da gwambaza, da mugun dawa, da gwaggon biri, da wani baƙin biri mai farin gashi a kafaɗa da wutsiya wanda ba ya cika saukowa ƙasa. A can Gumti kuma akwai gwanki da kanki. An ƙidaya tsuntsaye fiye da iri 500 a gandun. Amma abin da ya fi jawo masana daga ƙasashen waje shi ne babban birin nan mai kama da mutum, cimfanzi, irin wanda ba a samunsa ko'ina a duniya sai a Nijeriya da Kamaru. Tun shekarar 2000 masu bincike daga wata jami'a ta Landan, ƙarƙashin Farfesa Volker Sommer, suka kafa sansani a dajin domin nazarinsa. Sau da yawa kukansa kawai ake ji da sassafe, ko a ga sheƙar da ya yi da rassa ya kwana a kan itace.

HAWAN DUTSE

Daga Serti titi ya miƙa zuwa Mayo Selbe, wanda ke gindin tsaunin. A nan ne direba mai hankali zai tsaya, ya bar inji ya huce, ya duba ruwan lagireto da man birki, ya zagaya tayoyi ɗaya bayan ɗaya. Abin da ke gabansa kwana ne bisa kwana, dutse a hannu guda, rami mai zurfi a ɗaya hannun, har da gangaren nan da direbobi ke kira Hawan Biyu da Sisi. Dokar hawan kaɗan ce, amma ta rai ce. A hau da ƙaramar giya, kada a tsere wa wata mota a kan kwana, a yi ham kafin a sha kowace kwana, kuma in inji ya tafasa a nemi wuri mai faɗi a tsaya, a sa wa taya dutse, kada a buɗe murfin lagireto sai ya huce. Mota takan rage ƙarfi yayin da ake ƙara sama, domin iskar can ba ta da kauri kamar ta ƙasa. Wannan ba lalacewa ba ce.

Saukowa ta fi hawa haɗari. Direban da ya saba da miƙaƙƙen titin Kano zuwa Zariya yakan ɗora ƙafa a kan birki ya bar ta, birkin ya yi ta ɗaukar zafi har ya daina kamawa a daidai inda ake bukatarsa. Maganin abin shi ne a sauko da giyar da aka hau da ita, inji ya riƙe motar, birki ya zama mataimaki kawai. Kada kuma a sake a bi wannan hanya da dare ko cikin hazo mai kauri. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana, sai dai a daɗe ba a je ba.

Da an kai Maisamari sai duniya ta buɗe. Tuddai ne masu ciyawa suna bin juna har iyakar gani, tsawonsu a tsakaice mita 1,600 bisa teku, ga shanu fululu a kansu, ga layukan itatuwan zaiti kewaye da gidaje, ga ƙoramu masu sanyi a kowane kwari. Rashin ƙudan tsando da yawan ciyawa su suka jawo Fulani makiyaya da yawa tun wajen shekarun 1940, suka tarar da Mambilawa da sauran ƙabilu suna noman masara da gwaza a gangaren tuddai. Yau kuma ana samun dankalin Turawa da ayaba da fiya da gahawa. Hausa tana fisshe baƙo a kasuwa, amma gaisuwa da Fulatanci takan buɗe ƙofa da sauri. Kusa da ƙauyen Yelwa akwai kurmin Ngel Nyaki, ɗaya daga cikin 'yan kurmin kan tsauni da suka rage a ƙasar nan. A Kakara, ta wajen Nguroje, akwai gonar shayin da ake sarrafa Highland Tea, wadda ganinta da hantsi, lokacin da masu tsinkar ganye suka bazu cikinta da kwanduna a baya, ya isa ladan wahalar hanya. Zangon ƙarshe shi ne Gembu, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Sardauna, a kusa da kogin Donga.

Masu ƙarfin ƙafa da ke son taka Chappal Waddi ta Nguroje suke bi zuwa ƙauyen Njawai, daga nan a ajiye mota a kama tafiyar ƙasa ta kwanaki, da jagora da masu dako da tanti. Wannan ba shawarar da ake yankewa a kan hanya ba ce. Tun a Serti ake shirya ta da hukumar gandun.

GUZURI DA TAMBAYA

A cikin mota a tanadi safaya mai kyau, in da hali biyu, da jak, da famfo, da igiyar ja, da jarkar ruwa, da fetur na ko-ta-kwana, domin mai yakan yi tsada ko ya yanke a kan tsauni. A jaka kuma a sa rigar sanyi da bargo, da takalmi mai kama ƙasa, da tocila, da gidan sauro da maganin zazzaɓi saboda kwanan Serti da Gashaka. A riƙe tsabar kuɗi da katin shaida, domin ƙasar iyaka ce, shingayen jami'an tsaro suna da yawa. Motoci biyu sun fi ɗaya.

Sa'an nan a yi tambaya, domin matambayi ba ya ɓata. Tsaunin Mambila ya ga mummunan rikici tsakanin manoma da makiyaya cikin watan Yuni na 2017, wadansu hanyoyin Taraba kuma sun yi fama da masu satar mutane. Halin hanya yakan sauya daga wata zuwa wata, kuma ba wanda ya fi direbobin tashar Jalingo da ma'aikatan gandun sanin yadda ta kwana. Abin da suka faɗa shi ne abin bi, ko da zai sa a ɗage tafiyar.

AMANAR DA KE WUYAN BAƘO

Dajin nan ya sha wuya. Annobar bushiya ta 1983 ta kashe shanu ta kuma taɓa ɓauna. Mafarauta sun rage manyan namun. A tsakiyar shekarun 2010 masu saran madobiya, wadda 'yan katako ke kira madrid, suka yi wa dazuzzukan Taraba kaca-kaca domin kai wa ƙasar Sin, har ma'aikatan gandu suka rasa rayukansu wajen tare masu ɓarna. Cikin 2017 hukumar gandayen daji ta ƙasa ta ƙulla yarjejeniya da gidauniyar Africa Nature Investors domin su haɗa hannu wajen tsaron wurin da horar da ma'aikata.

Dalilin wannan ɗawainiya ya wuce sha'awar birai da tsuntsaye. Kurmin da ke kan duwatsun nan shi ke shanye ruwan damina ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan cikin rani zuwa kogin Taraba, shi kuma ya zuba a Binuwai. In aka sare shi, ruwan zai sauko gaba ɗaya ya yi ambaliya, sa'an nan kogi ya ƙafe tun kafin bazara, kuma masunci a Ibi da mai noman shinkafa a Makurdi, waɗanda ba su taɓa ganin Gashaka ba, su ne za su ji a jikinsu. Saboda haka baƙon da ya biya kuɗin shiga ya karɓi rasit, ya sallami jagoransa da kyau, ya ƙi sayen naman daji a bakin hanya, ya kashe wutar da ya hura, ya kuma kwaso ledarsa ya fito da ita, ya taimaka wajen tsare kogin da miliyoyin mutane ke sha.