Kogon Sof Umar da abin da ya koya mana

 

Ƴan uwa ɗalibai da iyayenmu, mu ƴan aji shida mun san kogo tun daga Suratul Kahfi da muke karantawa ranar Juma'a, da kogon Hira, da na Saur. Amma sai bana, a darasin kimiyya, munka san yadda Allah yake gina wani irin kogo da ruwa kawai.

Malam ya ba mu misali da kogon Sof Umar na ƙasar Habasha, a yankin Bale. Sunan wani shehin Musulunci ne da ya zauna wurin, har yau kuma mutane na zuwa ziyara. In an haɗa lungunansa, tsawonsu ya kai kilomita 15. Kogin Weyib yana shiga cikinsa ya ɓace, sai can gaba ya fito. A 2011 Habasha ta sa shi cikin wuraren da take nema UNESCO ta amince da su a matsayin gadon duniya.

To, wa ya haƙa shi? Dutsen wurin na farar ƙasa ne. Ruwan sama yana ɗaukar ɗan tsami daga iska da ƙasa, ya bi tsaga yana cin dutsen kaɗan-kaɗan, shekaru dubbai bisa dubbai, har tsaga ta zama zaure mai ginshiƙai. A duhun nan jemagu ke kwana, kifaye na yawo cikin ruwan.

Kun san me? Irin dutsen nan ne ake haƙa a Malbaza ana yin siminti. Siminti muna so, da shi anka gina ajinmu. Sai dai dutsen da anka niƙa ya tafi ke nan. Shi ya sa ake keɓe wasu wurare a ce: nan kam ba a taɓawa.

Mu ba mu da kogo a unguwa, amma muna da jemagu. Ƙananan nan masu fitowa da magariba ƙwari suke ci, har da sauro, kashinsu kuma taki ne. Ƙannenmu masu harbinsu da danƙo don wasa, don Allah ku bari. Ran lahira za a tambaye mu ko da a kan ran jemage ne.

Allah ya ƙara wa malamanmu lafiya, ya sa mu zama masu riƙon amana. Amin.